Yadda Ake Ganin Jerin Na'urorin USB da Ke Haɗe da Kwamfuta ta Layin Umarni

Tambayar da ta fi zuwa mini daga masu shagunan buga takardu, masu gyaran waya da ɗaliban jami'a a nan Sakkwato kusan iri ɗaya ce: an soka filasha ko firinta ko modem, kwamfuta ba ta nuna komai ba, to na'urar ce ta mutu ko kwamfutar ce ke da matsala? Da yawa kafin su tambaya sun riga sun ƙona data wajen sauke direbobi (ƙananan manhajojin da ke sa kwamfuta ta iya aiki da na'ura), wasu ma sun yi wa filashar fomat. Alhali akwai tambayar da ya kamata a fara amsawa, wato shin kwamfutar ta ga na'urar ko ba ta gan ta ba. Tagar da ake buɗe fayiloli ba ta amsa wannan, domin abin da ya riga ya tsallake kowane mataki kaɗai take nunawa. Layin umarni, wato tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni da kibod, shi ne ke nuna inda aka tsaya.

Zan fi daɗewa a kan Linux, wanda tsarin gudanar da kwamfuta ne kamar Windows, duk da na san yawancin kwamfutocin shagunanmu Windows ne a kansu, saboda bayanin Linux ya fi fitowa fili, kuma wanda ya iya karanta shi ba zai sha wahala a sauran ba.

Abin da za a tanada

Dukan umarnin da ke nan kyauta ne, kuma ban da 'yan kaɗan, duk suna cikin kwamfutar tun asali. Kuɗin da za ka iya kashewa na igiya ce. Ka nemi igiya ta biyu wadda ka tabbatar ta taɓa ɗaukar fayil daga waya zuwa kwamfuta, da kuma wata na'urar da ka san lafiyarta ƙalau, ko da linzamin kwamfuta ne, domin gwada kafofin. Wanda ke son gwada kwamfutar Windows da Linux ba tare da ya taɓa abin da ke cikinta ba, zai buƙaci filasha mai gigabait 16 da fayil ɗin Ubuntu (wani nau'in Linux), wanda nauyinsa ya kai kusan gigabait 6, sai ya rubuta shi da manhajar Rufus ya tayar da kwamfutar daga filashar. Rubutun yana share duk abin da ke kan filashar, don haka a kwashe kaya tukuna.

Mataki na 1: Buɗe layin umarni

A Ubuntu da Linux Mint, danna Ctrl da Alt da T a lokaci guda. A Windows 10 da 11, danna maɓallin Start, rubuta PowerShell, ka buɗe shi. A Mac, manhajar Terminal tana cikin Utilities.

Gargaɗi: idan Linux ɗinka yana gudana ne a cikin VirtualBox ko WSL, wato manhajojin da ke ba da damar gudanar da Linux a cikin Windows, ba zai ga na'urorin da ke soke a ainihin kwamfutar ba sai an miƙa masa su. A VirtualBox ana yin haka daga Devices sannan USB, a WSL kuma sai an girka usbipd-win a ɓangaren Windows. Jeri marar komai a irin wannan yanayi ba ya nufin na'urar ta lalace.

Mataki na 2: Ɗauki jerin farko kafin ka soka komai

Cire na'urar da ake zargi, sannan ka rubuta:

`lsusb`

Harafin farko ƙaramin L ne, ba lamba 1 ba ce kuma ba babban I ba ne, sannan dukan haruffan ƙanana ne, domin Linux yana bambanta babban harafi da ƙarami. Idan aka amsa maka da command not found, to ba a girka kunshin usbutils da ke ɗauke da wannan umarni ba. A Ubuntu, Debian da Mint sai ka rubuta `sudo apt install usbutils`, a Fedora kuma `sudo dnf install usbutils`. Kunshin bai kai megabait ɗaya ba.

Kada ka yi mamakin ganin layuka huɗu ko shida alhali ba ka soka komai ba. Layukan da ke ɗauke da Linux Foundation root hub, masu lamba 1d6b:0002 ko 1d6b:0003, mahaɗar cikin kwamfutar ce da kanta. Kyamarar laftof, da Bluetooth, da abin karanta zanen yatsa, yawanci ta hanyar USB aka haɗa su daga ciki, shi ya sa suke fitowa. Ajiye wannan jeri a fayil:

`lsusb > kafin.txt`

Mataki na 3: Soka na'urar, ka kwatanta

Soka na'urar kai tsaye a jikin kwamfutar, ba ta hanyar ƙaramar mahaɗa mai kafofi da yawa ba, ka jira daƙiƙa biyar, sannan:

`lsusb > bayan.txt`
`diff kafin.txt bayan.txt`

Abin da ya fito shi ne layin da ya ƙaru. Misali, filashar SanDisk za ta iya fitowa haka:

`Bus 001 Device 004: ID 0781:5567 SanDisk Corp. Cruzer Blade`

Bus 001 ita ce hanyar da na'urar ta hau a cikin kwamfutar. Device 004 lamba ce ta wucin gadi, duk lokacin da ka cire ka mayar za ta canza, saboda haka kada ka dogara da ita wajen gane na'ura. Abin riƙewa shi ne ID. Lambobi huɗun farko na kamfanin da ya ƙera ne, huɗun ƙarshe kuma na samfurin. SanDisk 0781 ne, Kingston 0951, Logitech 046d, HP 03f0, Canon 04a9, Epson 04b8, Samsung 04e8, Huawei 12d1, ZTE 19d2, MediaTek kuma 0e8d. Wannan ta ƙarshe masu gyaran waya za su riƙa cin karo da ita, domin wayoyin Tecno da Infinix da yawa ƙwaƙwalwar MediaTek ce a cikinsu.

Sunan da ke ƙarshen layin yawanci kwamfutar ce ke zaƙulo shi daga wani kundin lambobi da ake kira usb.ids. Idan na'urar sabuwa ce kuma kundin ya tsufa, za ka iya ganin lambobin kawai babu suna. Wannan ba matsala ba ce. Kwafi lambobi takwas ɗin ka bincika su a intanet, za ka san ainihin abin da ke hannunka, wanda a wasu lokuta ya saɓa da abin da aka buga a jikin kwali.

Idan layi ya ƙaru, ka riga ka san abubuwa uku: igiyar tana ɗaukar bayani, kafar tana aiki, kuma na'urar tana da rai har ta faɗi sunanta. Matsalar tana gaba, a direba ko a tsarin fayiloli. Idan babu abin da ya ƙaru, tsallake zuwa mataki na 6, kuma kada ka ɓata lokaci wajen neman direba, domin direba ba ya gyara abin da kwamfuta ba ta gani ba.

Mataki na 4: Duba sauri da direba

`lsusb -t`

Wannan yana zana jerin kamar reshen bishiya, kowace na'ura a ƙarƙashin kafar da take. Layin filasha zai yi kama da wannan:

`Port 2: Dev 4, If 0, Class=Mass Storage, Driver=usb-storage, 480M`

Abubuwa biyu za ka duba. Na farko shi ne abin da ke gaban Driver. Filasha da hadis na waje suna nuna usb-storage ko uas, linzami da kibod usbhid, firinta kuma sau da yawa usblp. Idan wurin ya zauna babu komai ko aka rubuta none, an ga na'urar amma babu direban da ya karɓe ta. Na biyu shi ne lambar ƙarshe. 1.5M da 12M saurin linzami da kibod ne, 480M shi ne USB 2.0, 5000M kuma USB 3.0. Lambobin megabit ne ba megabait ba, don haka 480M a lissafi megabait 60 ne a daƙiƙa, a aikace kuwa da wuya ya wuce 40.

A nan ake gano dalilin da ya sa kwafin bidiyon biki ke cin rabin yini. Hadis ɗin USB 3.0 ne, amma jerin ya nuna 480M, wato an soka shi a baƙar kafa maimakon mai launin shuɗi, ko igiyar ta USB 2.0 ce, ko kuma ba a tura ta ta shiga sosai ba.

Masu modem su lura da wani abu. Modem ɗin Huawei da yawa suna fara bayyana a matsayin faifai mai ɗauke da manhajarsu, sai daga baya su juye su zama modem. Misali, wasu samfuran suna fitowa da 12d1:1f01 sannan su koma 12d1:14db. Idan naka ya tsaya a Mass Storage bai juye ba, kunshin usb-modeswitch ne ke yin wannan aiki.

Mataki na 5: Cikakken bayani a kan na'ura ɗaya

`sudo lsusb -v -d 0781:5567`

Sauya lambobin da na na'urarka. Kada ka rubuta -v shi kaɗai ba tare da -d ba, domin zai zubo maka ɗaruruwan layuka na kowace na'ura. Idan ka manta da sudo, wato kalmar da ke ba umarni cikakken izini bayan ta nemi kalmar sirrinka, zai yi aiki amma zai gaya maka cewa wasu bayanai ba za su fito ba. Lokacin da kake rubuta kalmar sirri babu abin da zai bayyana a allo, ko tauraro ɗaya. Haka tsarin yake, ka rubuta ka danna Enter.

Cikin dukan abin da ya fito, iProduct (sunan na'urar) da iSerial (lambar da ta keɓanta da ita) da MaxPower ne suka fi amfani. MaxPower yana nuna wutar da na'urar ke nema. Kafar USB 2.0 a ƙa'ida miliamfiya 500 take bayarwa, ta USB 3.0 kuma 900. Hadis na waje da ke ƙara ƙas-ƙas yana ɗaukewa yana dawowa, sau da yawa yunwar wuta ce ke damunsa, musamman idan an tara shi da firinta da modem a kan ƙaramar mahaɗa guda marar wutar kanta. Mahaɗa mai cajarta daban ta fi tsada, amma a shagon da ake aiki da na'urori da yawa ita ce ta dace.

Wani abin da ya kamata a sani: wannan umarni ba ya tona asirin filashar jabu. Masu yin jabu suna iya sa mata lambar SanDisk ko Kingston, su kuma sa ta riƙa iƙirarin gigabait 128 alhali takwas ne a ciki. Gwajin gaskiya shi ne a cika ta da bayanai a sake karantawa, da f3write da f3read a Linux, ko H2testw a Windows.

Mataki na 6: Idan na'urar ba ta fito ba

Cire na'urar, ka rubuta:

`sudo dmesg -w`

Bar tagar a buɗe, danna Enter sau biyu ko uku don ka raba tsohon rubutu da sabo, sannan ka soka na'urar kana kallon allon. Idan ka gama, Ctrl da C ne ke tsayar da shi. Abin da za ka gani ba ya wuce kashi huɗu.

Idan aka rubuta New USB device found tare da idVendor da idProduct, an gan ta lafiya.

Idan ba a rubuta komai ba, ko harafi ɗaya, to babu alamar da ta iso kwamfutar. Abin zargi na farko igiya ce. Igiyoyin caja masu araha da ake sayarwa a kasuwa da tashoshin mota, da yawansu wayoyin wuta kawai ke ciki, babu na ɗaukar bayani. Wayarka za ta nuna tana caji, ka ɗauka komai daidai ne, alhali kwamfutar ba ta san da zamanta ba. Ni kaina na taɓa kwashe yammaci guda ina sauke direbobin wata waya a wani shago a Mabera, daga ƙarshe yaron shagon ya miƙo mini igiyar da ta zo da wayarsa, nan take layi ya fito. Bayan igiya sai kafa: gwada ta da linzamin da ka tanada. A kwamfutar tebur, kafofin gaba da wata siririyar waya aka haɗa su da allon ciki (motherboard), tana iya kwancewa, don haka gwada na baya.

Idan ka ga device descriptor read/64, error -71 ko error -110, ko unable to enumerate USB device, kwamfutar ta ji an soka abu amma sun kasa fahimtar juna. Igiya mai tsawo da yawa, ko wadda ta karye daga ciki, ko datti a bakin kafa, su ne suka fi jawo haka. Ƙurar hunturu a garin nan tana shiga ko'ina, kuma kafar da ba a cika amfani da ita ba takan cika da ita. Kashe kwamfutar, cire caja, ka share da busasshen burushi mai laushi. Kada ka sa allura ko tsinken ƙarfe, domin akwai wuta mai bolt 5 a kafar kuma haɗa ƙarafunanta na iya ƙona ta. Idan kuskuren ya bi na'urar zuwa kowace kafa da kowace kwamfuta da igiya daban-daban, to na'urar ce.

Idan kuwa aka rubuta over-current condition, cire na'urar nan da nan. Wani abu ne ke jan wuta fiye da ƙima, ko dai na'urar ta haɗe daga ciki ko ƙarafunan kafar sun lanƙwashe suna taɓa juna.

Ga masu gyaran waya, wannan mataki ya fi lsusb amfani. Wayar MediaTek da ke kashe takan bayyana da 0e8d:2000 na 'yan daƙiƙoƙi kawai ta ɓace, kafin ka rubuta lsusb ta wuce, amma dmesg zai riƙe layin. Wayar Qualcomm da ta shiga yanayin gaggawa tana nuna 05c6:9008. Samsung a yanayin ɗaukar fayil 04e8:6860 ce. Ka tuna kuma cewa wayar da ke kulle, ko wadda aka bari a kan caji kawai, tana iya fitowa a jerin amma ba za ta nuna fayilolinta ba sai an buɗe ta an zaɓi tura fayil.

Mataki na 7: Nemo filashar a cikin faifai

lsusb ba ya faɗin sunan da aka ba filashar a matsayin faifai. Wannan aikin lsblk ne:

`lsblk -a -o NAME,SIZE,TRAN,MODEL,MOUNTPOINT`

Babu tazara bayan waƙafi. Layin da ke da usb a ƙarƙashin TRAN shi ne naka. Idan girman ya fito daidai amma MOUNTPOINT babu komai, ba a ɗora ta ba ne, wato Linux bai buɗe ta don a ga fayilolinta ba, ko tsarin fayilolinta ya samu matsala, kuma akwai fatan ceto kayan. Idan girman ya nuna 0B, ɓangaren da ke magana da kwamfuta yana da rai amma ma'ajiyar ba ta amsawa, kuma fomat ba zai taimaka ba.

Gargaɗi mai nauyi: kada ka ɗauka cewa sunan filasha a ƙarƙashin NAME kullum sdb ne. A laftof mai faifan NVMe, faifan ciki nvme0n1 ne, filashar kuma sai ta zama sda. A tsohuwar kwamfuta kuwa sda shi ne faifan da ke ɗauke da komai naka. Kafin duk wani umarnin gogewa ko fomat, sake duba girma da TRAN a daidai wannan lokacin, ba abin da ka gani jiya ba.

Mataki na 8: A Windows

A PowerShell na Windows 10 ko 11:

`Get-PnpDevice -PresentOnly | Where-Object InstanceId -like 'USB*' | Format-Table Status, Class, FriendlyName, InstanceId -AutoSize`

A kibod da yawa, tsayayyar sandar da ke tsakani tana kan maɓallin da ke kusa da Enter, ana samun ta da Shift. A InstanceId za ka ga wani abu kamar VID_0781&PID_5567, wato lambobin nan takwas da muka yi bayani. Hanyar aiki ɗaya ce: gudanar da shi kafin sokawa da bayan sokawa.

Kurakurai biyu ake yawan yi. Na farko, barin -PresentOnly. Windows yana tuna duk na'urar da aka taɓa sokawa, kuma a kwamfutar shagon da ɗalibai ke kawo filasha lokacin buga kundin kammala karatu, jerin zai yi tsawon da ba ya karantuwa, yawancinsa da Unknown a gaba. Na biyu, amfani da -Class USB, wanda ke barin waya da kyamara da linzami a waje saboda Windows ya sa su a wasu rukunoni.

Idan Status ya nuna OK, lafiya. Idan Error ne kuma VID da PID na gaskiya sun fito, galibi direba ne babu, kuma da waɗannan lambobi za ka nemo wanda ya dace daga kamfanin da ya ƙera na'urar. Idan kuwa ka ga Device Descriptor Request Failed tare da VID_0000, daidai yake da kuskuren da muka gani a mataki na 6, kuma maganinsa igiya da kafa ne, ba direba ba.

Don ganin filasha da hadis kaɗai:

`Get-Disk | Where-Object BusType -eq USB`

Idan an hana ka, sake buɗe PowerShell a matsayin Administrator. No Media a nan daidai yake da 0B na Linux. Idan Windows ya fito da saƙon cewa sai an yi fomat kafin a yi amfani da faifan, kuma akwai kayan da kake so a ciki, danna Cancel.

Kwamfutocin da har yanzu ke kan Windows 7 ba su da Get-PnpDevice. A can sai a buɗe cmd a rubuta:

`wmic path Win32_PnPEntity where "DeviceID like 'USB%'" get Name,DeviceID`

Rubuta alamomin zance da hannunka, domin waɗanda aka kwafo daga saƙon waya sukan zo a lanƙwashe umarnin ya ƙi aiki. Microsoft ta daina raya wmic, kuma sababbin Windows 11 ba sa zuwa da shi a kunne, don haka a bar shi ga tsofaffin kwamfutoci.

Mataki na 9: A Mac

`system_profiler SPUSBDataType`

Zai nuna Vendor ID da Product ID da sauri. Idan bai fito da komai ba a sabon macOS, gwada SPUSBHostDataType a madadinsa, ko `ioreg -p IOUSB`. Faifan waje kuma `diskutil list external` ne ke nuna su. Laftof ɗin Mac mai ƙwaƙwalwar Apple, tun daga macOS Ventura, yana neman izini kafin ya karɓi sabuwar na'ura, don haka a duba ko saƙon yana jira a allo.

Mataki na 10: Ajiye sakamakon kafin ka nemi taimako

Idan za ka kai wa mai gyara ko ka tura wa wani ya duba maka, aika rubutun kansa maimakon hoton allo da aka ɗauka da waya, wanda sifili da harafin O ba sa bambantuwa a cikinsa. A Linux, `lsusb > jeri.txt` da `sudo dmesg | tail -n 30 > kuskure.txt` sun wadatar, muddin ka gudanar da na biyun nan take bayan ka soka na'urar. A PowerShell, ƙara `| Out-File jeri.txt` a ƙarshen umarnin. Alamar > guda ɗaya tana share abin da ke cikin fayil mai wannan suna ta rubuta sabo, guda biyu >> kuma tana ƙarawa a ƙasa. Idan fayil ɗin zai je hannun wanda ba ka sani ba, buɗe shi ka goge layukan SerialNumber da iSerial, domin lambar da ta keɓanta da na'urarka ce kuma mai duba matsalar ba ya buƙatarta.